Layi na Huɗu a Kaset ɗin Taubashina

Daga Allah muka zo, can ɗin dai za mu koma, wasu da gudu, wasu suna jan ƙafa irina. Taubashina ya riga ni. Ɗan kawuna ne, ya girme ni da abin da ya ishe shi ya riƙa aikena tun muna yara, kuma tela ne a Nubel, unguwarmu a Duwala, tun kafin a haifi yawancin waɗanda suka ɗauki makararsa. An ce in rubuta wani abu don kada a manta da shi. Wanda ya ce in rubuta bai san lekol ɗina, wato boko, a aji uku ta tsaya ba, a makarantar allo kuma abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne tsallake katangar malam. Sana'ata gasa soya, wato tsire. Amma tunda duk waɗanda suka fi ni saninsa suna ƙarƙashin ƙasa, sai ku yi haƙuri da ni. In kun ga rubutun yana sauri, sauri nake yi.

Ranar da muka kai shi makwancinsa ruwa bai sauko ba, kuma bai tafi ba. Hadari ya tsaya bisa unguwa kamar mai jiran a gama magana ya faɗi tasa. Muka dawo muka zauna ƙarƙashin tamfol ɗin da aka ja daga ƙofar gidan zuwa bangon maƙwabci, ƙafafunmu a kan katakan da aka jera saboda taɓo. Liman ya ce marigayi mutum ne mai zumunci, bai taɓa cin yadin kowa ba. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, sai ya mayar da shi addu'a. Wani ɗan kasuwa mutumin Marwa ya ce, "Allah ya yafe masa, har da abin da ya tara a ɗakin nan." Abokan babban ɗansa, masu aikin ofis da takalma masu tsini, suna ta faɗa wa juna da Faransanci wai an yi rashin artiste. Ni dai abin da na sani, an yi rashin tela mai taurin kai.

Abin da ya dame ni a zaman nan shi ne gaisuwar hannu. Duk wanda ya zo, zai ba babban ɗan hannu ya saki, ya ba surukai ya saki, in ya iso kaina sai ya riƙe. Ya riƙe yana dubana, irin duban da ake yi wa rago ana jibi Sallah. Wani tsoho da babu haƙori ko ɗaya a bakinsa, wanda ya kamata ya ji da kansa, ya sunkuyo ya ce mini, "To, saura kai."

Na ce, "Saura kowa."

Ya ce, "A'a. Ka san abin da nake nufi."

Na sani kuwa. Unguwa duk ta sani.

Ranar sadakar uku abin ya fito fili. Mata a cikin gida suka so a sa musu karatu. Ƙanwar marigayi, wadda kowa ke kira Gwaggo saboda yara, wadda kuma ni taubashiyata ce mai bakin da ya fi wuƙata kaifi, ta shiga ɗakinsa ta ɗauko kaset ɗin da hannunta ya fara taɓawa, ta zura a tsohon rediyo. Abin da ya fito ba karatu ba ne. Wata murya ce mai kauri, tana jan jiki a hankali, kamar sa yana magana daga cikin rijiya, a bayanta kuma wani abu yana bugawa, dum, sai a jima, dum, kamar ana takawa bisa rufin kwano. Gwaggo ta yi ta maza ta juya kaset ɗin. Nan ne aka ji mutane suna haɗiye magana maimakon su furta ta, kowace kalma tana komawa baki da baya. Mata suka watse, aka kifar da tukunyar kunu. Gwaggo ta fito har wurin maza, mayafinta a hannu.

"Ga shi nan! Tun yaushe nake faɗa muku? Ya kulle bayin Allah a ciki suna neman hanyar fita. A kawo kananzir!"

Babban ɗan ya miƙe ya ce, "Gwaggo, doucement, a hankali. Bayan arba'in za a kwashe ɗakin, a yi duk yadda kika ce." Shi bai yarda da maganar aljanu ba. Ya dai gaji, ɗakin yana yoyo, kaset ɗin sun fara furfura saboda danshi, kuma ba wanda ke son ya yi jayayya da Gwaggo a gaban baƙi.

To bari in faɗi abin da na sani, tunda na yi shekaru ina zama a bakin ƙofar ɗakin nan. A bakin ƙofa na ce, daga waje.

Na'urar ya saye ta ne a wurin masu kayan hannu da ke saukowa daga jirgin ruwa. Faɗinta bai wuce faifan tankaɗe ba, duk jikinta maɓallai. Kaset ɗin da kowa ya sani take ci, amma ba yadda rediyo ke cinsa ba. A rediyo kaset yana da fuska biyu, ka ji wannan, ka juya ka ji waccan. Ita ba ruwanta da juyi. Tana raba zaren kaset ɗin gida huɗu a tsawonsa, duk suna tafiya wuri ɗaya, gudunta kuma ya ninka na rediyo. Shi yana kiran gidajen nan pist, ni ina cewa layi. Yau ka ɗauki ganga a layi na ɗaya. Gobe ka sa abin ji a kunne, wanda muke cewa kask, kana jin gangar jiya kana kaɗa kuntigi a layi na biyu. Jibi ka hau kansu da murya a na uku. Mutum ɗaya sai ya zama taro. In kuwa ka ɗauki irin wannan kaset ka sa a rediyo, layi biyu za ka ji suna rarrafe, in ka juya ka ji sauran suna tafiya da baya. Abin da ya kori mata ke nan. Na zaunar da Gwaggo na bayyana mata haka dalla-dalla, kamar wani injiniya. Ta bari na gama, sannan ta ce, "To kai me ya sa ba ka taɓa shiga ba?" Ban samu damar ba ta amsa ba, don a lokacin ana kirana a waje.

Yadda yake kula da na'urar nan bai kula da jikinsa haka ba. Kafin ya kunna sai ya goge kan da zaren ke bi da auduga da alkol ɗin famasi. An taɓa kai ƙararsa wurin liman na wancan lokaci, wai an ga tela da kwalba a aljihu. Ya kawo kwalbar da audugar da na'urar gaba ɗaya ya ajiye a gaban liman, ya ce, "Ga mai shan nan, Malam, a yi mata wa'azi." Kaset ɗinsa a akwatin ƙarfe yake ajiye su tare da ƙunshin ɗanyar shinkafa, wai ta sha danshin. Bangon ɗakin kuwa ya lulluɓe shi da barguna da rigunan da masu su ba su zo karɓa ba, don kada ƙarar babura da kukan yara su shigo. In ka leƙa da rana sai ka ga kamar mutane marasa kai ne suka jeru suna saurare. Akwai wata allura a fuskar na'urar da ke rawa in ana magana, ƙarshen hanyarta ja ne. Kullum gargaɗinsa ke nan ga mai rerawa: "Ja da baya. In allura ta shiga ja, muryarka ta fara ƙarya."

Da yake kuntigi hannu biyu yake ci, ba shi ke danna maɓalli ba. Matarsa ce. Tana zaune gefe a kan kujerar tsuguno, ya gyaɗa kai ta danna, ya sake gyaɗawa ta tsayar. Yakan ce duk Duwala ba wanda ya kai ta sanin lokacin da ya kamata ya yi shiru.

Da ƙuruciya mu biyar ne muke waƙa a bukukuwan unguwa. Akwai mai kalangu. Akwai wani Bafillace mai shayi da Hausarsa ke ɗingishi amma muryarsa ba ta yi. Akwai direban babbar mota. Taubashina ke jan baki da kuntigi, ni kuma nawa amshi, da siririyar muryar da yake cewa ta sauro ce. Muna da waƙa guda tamu ta kanmu, ta ruwan garin nan, wadda ba a tashi biki sai an yi ta. Sai girma ya zo ya raba mu. Ɗan mai kalangu ya auri 'yar direba, auren ya mutu mummunar mutuwa, iyayen suka rantse ba za su ƙara zama kan tabarma ɗaya ba. Direba ya ƙetare gada ya koma Sodiko, mai kalangu ya yi can PK 14. Duk wanda ya san garin nan ya san sun zaɓi nisan da ya fi kowane.

Aka yi ta sulhu ya ƙi. Taubashina bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya zura na'urarsa a buhun shinkafa, ya hau babur ya tafi PK 14, ya ɗauko kalangun shi kaɗai. Daga baya ya ɗauki mai shayi. Da aka jima ya ƙetara Sodiko ya ɗora wa direba kask a kai ba tare da ya ce masa komai ba. Direba ya saurara kaɗan, ya ce, "Wannan hannun mutumin can ne."

"Shi ne. Za ka rera, ko in naɗe wayata?"

Ya rera. Taubashina ya ce yana yi hawaye na zuba, in an zo hutu kuma ya zagi mai kalangu. Har suka bar duniya ba su gaisa ba, amma a kaset ɗin nan suna tare, ba wanda ya riga wani ko da rabin numfashi.

Sai dai layi huɗu ba su da yawa. In uku sun cika, sai ya tattara su ya zuba a layin da ya rage, ya share ukun ya samu fili. Yana kiran wannan haɗewa, kuma ya ce ba irin ɗinkin da ake farkewa ba ne: wanda aka haɗe ya haɗu ke nan, ba ka ƙara ciro shi shi kaɗai. Kuma duk haɗewar da aka yi, muryoyin sukan ja baya kaɗan, wani shuuu ya ƙaru a kansu. Mai kalangu da ya fara shiga shi aka fi haɗewa, har kiɗansa ya koma kamar ana biki a wata unguwa. Mai shayi yana gabansa kaɗan. Direba ya fi su kusa.

Mai kalangu bai daɗe ba bayan an ɗauke shi ya rasu. Aka ce kwana ya ƙare. Mai shayi ya bi. Aka ce ikon Allah. Da direba ya faɗi a Sodiko, mutane suka daina cewa komai, suka koma kallon tagar ɗakin in za su wuce. Yadda suka shiga haka suka fita, ba wanda ya tsallake wani. Na same shi a shago yana yanka yadi, na ce, "Kai, tsohon banza, me ke cikin akwatin nan naka?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ni tela ne, ɗan mace. Kafin likita ya sani, igiyar awona ta sani. Mutum ya kawo yadin Sallah, in zagaya ƙugunsa in ga bara ba haka yake ba, in dubi wuyansa in ga riga za ta yi masa yawa. Sai in ɗauki buhuna. Ba ita ke kiransu ba. Ni ne nake sauri."

Na ce, "Wannan bayanin ya fi na 'yan unguwa ban tsoro."

Sallar da ta biyo na kai masa shadda kamar yadda na saba tun ina saurayi. Ya zagaya ƙuguna da igiya. Ya tsaya. Ya sake zagayawa. Keken ɗinkin shagon maƙwabci ma sai da ya yi shiru, ko kuwa kunnena ne. Sannan ya ce, kamar mai tambayar lafiyar gida, "Yaushe za ka zo ka yi amshinka?"

Na fizge yadina. Na kai wa wani tela a kasuwa wanda bai taɓa ɗinka babbar riga ba, ya yi mini wani abu da na shiga masallacin idi da shi ina roƙon Allah kada a gane ni. Taubashina ya aiko a gaya mini rigar ta yi kyau, saura a zuba gawayi a ɗaure baki. Muka yi wata da watanni ba ma gaisawa. Ni na san dalilin ramata, haƙora ne suka hana ni tauna a shekarar. Kuma ga ni nan, waɗanda suka shiga ba sa nan. Kowa ya yi hukunci da hankalinsa.

Shi ya fara zuwa. Wata la'asar ya tsaya a gaban tukubata, ya ci nama ya ce ya yi tauri, ya sake ci. Sannan ya ce in kawo rigar nan ta abin kunya. Ya gyara ta tsaf da ido kawai. Daga ranar har ya mutu shi ya ci gaba da yi mini ɗinki, bai ƙara kusantar jikina da igiya ba. In ta yi yawa ko ta yi daidai, ba ya faɗa, ni ma ba na tambaya. Amma maganar amshi bai bar ta ba. Duk sanda zan tashi daga bakin ƙofarsa sai ya ce, "Na huɗu yana nan, ɗan mace. Ba zan haɗe ba, ba zan sauke ba." Saukewa ita ce a daidaita layukan, wannan a ɗaga wancan a rage, a juye su a kaset na kowa da kowa wanda kowane rediyo zai karanta. Waƙoƙin mutane da yawa ya sauke ya ba su. Tamu ya hana.

Damina ta ƙarshe na lura zariyar wandonsa ta ƙara tsawo. Wata rana da hantsi na zo na tarar an rufe ƙofa, ina jin muryarsa daga ciki yana jan baki, ba kiɗa, ba kowa, don kiɗan yana cikin kunnensa. Mutum yana waƙa shi kaɗai, yana tsayawa yana jiran amshin da ba a yi, sannan ya ci gaba. Na tsaya a waje har ya gama. Ya fito yana share gumi, ya gan ni, ya ce, "Na auna kaina." Ya wuce ya yi alwala.

Ana tsakiyar kwanakin zaman makoki matarsa ta aiko a kira ni. Tana takaba, don haka daga bayan labule muka yi magana. Ta ce ɗanta ya kai kaset ɗin waƙarmu wurin wani mai juye waƙoƙi a waya, ya dawo da muryar nan ta sa a rijiya, irin ta ranar uku. Ba abin da ke karanta shi sai na'urar, ita kuma robar cikinta ta saki, sai an ɗan bubbuga take tashi. Bayan arba'in Gwaggo za ta yi wutarta. In takaba ta ƙare kuma ita za ta koma Ndogpassi wurin ɗan, ba ta da abin da za ta tafi da shi na muryar mijinta.

Na ce, "Hajiya, ai kin iya. Ki sauke ta yadda take."

"Ya ce ba a sauke ta da rami a ciki. Ban taɓa danna maɓalli ba sai ya gyaɗa kai, Baffan yara. Ba yanzu zan fara ba."

"Kin san abin da kike nema a wurina?"

"Na sani. Tun waccan Sallar ya gaya mini ka rame." Sannan ta ƙara da cewa, "Ga shi kuma kai ka zuba masa ƙasa. Ban ce dole ba. Na dai faɗa maka."

Na tafi gida. Ba zan ce na yi barci mai daɗi a kwanakin nan ba. Tari ya kama ni, na sha duk abin da aka ce yana maganin tari, har da na ciwon baya don kariya. Na yi ta lissafi irin na masu ilimi: in na shiga, an ce zan tafi. In ban shiga ba, zan tafi, sai dai ba a faɗa ba. In na ƙi kuma, su huɗu za su sake mutuwa a tsakar gida, da kananzir, ina tsaye.

Ana gobe arba'in, bayan la'asar, na je. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke, kaji sun shige ƙarƙashin benci. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida, galan ɗin kananzir a gefen ƙafarta, ta zo da wuri don kada a yi mata wayo. Ta dube ni ta ce, "Ka yi wasiyya?"

Na ce, "Na bar miki wuƙar soya, ki huta da amfani da harshe."

Ba zan shiga ɗaki da mai takaba ba. A da, in zai ɗauki mata masu waƙar biki, shi yake zama a ciki ya zuro musu waya ta taga. Ranar sai aka juya: ita a ciki da na'ura, ni a kan benci ƙarƙashin taga, an miƙo mini kask da abin magana.

Na ce, "Hajiya, na huɗu fa. Kada ki share mijinki."

"Na huɗu ne ke ƙifta ido. Yi magana in ga allura."

Na yi salati.

"Ja da baya, kana shiga ja. Kuma ka yi sauri, in ruwan nan ya sauko kan kwano shi za mu ɗauka, in ma ba a ɗauke wuta ba."

Na ji ta bubbuga na'urar, na ji ƙas. Sai shuuu ya cika mini kunne, har na ɗaga kai na dubi sama, na zaci ruwan ne. Can nesa kalangu ya taso. Kuntigi ya shigo. Sai wani ya yi gyaran murya a tsakiyar kaina, daidai bayan idona, gyaran muryar da na sani tun ban san sunana ba. Ya ja, mai shayi da direba suka ɗaga masa:

Ruwan Duwala ba ya sallama,
Ya shigo ɗaki ya sami wuri.

Suka yi shiru. Kalangu yana tafiya shi kaɗai. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta tsayar, na ji zaren yana komawa baya da kuka.

Ta ce ta taga, "Zaren nan ya tsufa. Ba zai jure komawa da yawa ba."

Gwaggo ta ce, "Ku bar shi, matsoraci ne tun yana yawo ba wando."

Aka sake. Wannan karon da suka yi shiru na saurari shirun. Yana ciki. Ina jin numfashinsa, yana jira. Kuma filin da ya bari ya fi abin da amshin ke buƙata tsawo kaɗan. Ina da wata mummunar ɗabi'a tun muna samari, ta jan kalmar ƙarshe fiye da kima, wadda ya sha zagina a kanta a gaban amare. Ashe ya auna ta, ya bar mata wurinta. Baiti na gaba na zuwa na faɗa ciki:

Ku ɗaga tabarma, ku ɗaga yara,
Mu dai muna nan.

Na ja ƙarshen yadda na ga dama, ina saki yana kamawa. Daga nan ban san tsakar gida ba, ban san Gwaggo ba. Direba yana kunnena na dama, mai shayi a bayansa, taubashina a gabana har kamar in miƙa hannu in ture shi. Ba su yi mini kama da matattu ba. Abin da ya fi tayar mini da gashin jiki ke nan: na ji daɗin zama a cikinsu, ban ji ina son fitowa ba. A baiti na ƙarshe ɗigon farko ya faɗo kan kwano, manya-manya, ɗaya nan ɗaya can. Suna cikin layina har yau.

Hajiya ta ce a maimaita baitin farko da na rasa, ta saka ni daidai wurin ta fitar da ni, ban ma ji shigar ba. Sannan ta ce in cire kask in yi shiru. Muka koma ƙarƙashin rumfa ni da Gwaggo, ruwa ya ɓarke, ƙwan lantarki yana lumshewa yana dawowa. Hajiya tana ciki tana saukewa. Da ta gama sai hannu ya fito ta labule da kaset, ba ni aka miƙa wa ba, Gwaggo aka miƙa wa.

Ta juya shi gaba da baya kamar mai duba kifi a kasuwa. Ta jawo tsohon rediyon nan, ta zura, ta matsa nesa kaɗan, sannan ta danna da ɗan yatsa ɗaya. Yayanta ya yi gyaran murya. Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta saurara har ƙarshe ba ta ƙifta ba, ruwa na bin fuskarta, ba na sama ba. Ta mayar baya ta sake ji. Mu biyar, ba rami. Da ya ƙare ta cire kaset ɗin ta ƙulle a bakin zanenta, ta ce, "Wannan ba na wuta ba ne."

Sannan ta ɗaga hannu. "Allah ya jiƙan mai kalangu. Allah ya jiƙan mai shayi da direba. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta, ya yafe masa taurin kai. Allah ya haskaka muku makwanci, ku biyar ɗin nan, ya haɗa ku a inda ba yoyo."

Na ce, "Gwaggo, ina zaune fa."

Ta ce, "Na gan ka." Ba ta sauke hannu ba.

Daga bayan labule aka ce amin. Na ɗan jira ko wani zai cire ni daga lissafin. Ruwa ya cika tsakar gida ya fara taɓa ƙafar benci. Sai na ɗaga nawa hannun, na ce amin.